Wadda Na Tsayar a Gefen Hoto

Harshena ya fi ni ilimi, wannan ba na musu da kowa a kai. Ni aji huɗu na yi a lekol, wato makarantar boko, na fito da faransanci iya na sayen burodi da ba ɗan sanda haƙuri. Shi kuwa harshen nawa ya fi shekara talatin yana aikin da yanzu aka ce sai mai digiri. Shi ke faɗa mini ko maganin wankin hoto yana da rai ko ya mutu. Sau ɗaya tak na ba shi hutu, na wata guda, kuma a kan wannan hutun nake wannan rubutu.

A unguwar Jonke, nan Kwatano, na koyi sana'ar, wurin wani mutumin Togo mai ƙaton ciki da ƙananan hannuwa. Tasa uku ake jerawa a ɗakin duhu, ƙarƙashin jar fitila. Ta farko revelata, ita ke fito da hoto a kan farar takarda, kana kallo mutum na tasowa kamar wanda ya yi nutso ya ɗago. Ta biyu ruwan tsami ne, mai tsayar da aikin ta farko. Ta uku fiksata, ita ke kama hoton ta zaunar da shi, don kada haske ya cinye shi daga baya. Kowa ta farko yake so, don ita ke da abin kallo. Ta uku ba ta nuna komai. Ka tsoma takarda ka ciro, ido ba ya ganin bambanci, ko maganin sabo ne ko ya gaji. Sai an shekara goma, sha biyar, sannan hoto ya fara tona asirin wanda ya wanke shi.

Maigidana hanya ɗaya ya koya mini ta gane fiksata: ka tsoma yatsa, ka taɓa a harshe, ka tofar. In ka ji ɗaci da gishiri, tana da ƙarfi. In ta fara zaƙi-zaƙi, kamar ruwan da aka ɗauraye kofin shayi, ta ƙoshi, zubar ka dama sabuwa. Kada wani ya gwada, na faɗa tun yanzu. Haƙori shida ya rage mini a baki, kuma har yau ban san wanda zan kai ƙara ba, maganin ko goro.

Da na fara cin gashin kaina, wani alhaji mai manyan motoci ya buɗe makaranta nan cikin Zango, rabi faransanci rabi larabci. Ya ba ni wani ɗan ɗakin ajiya a bayan ajujuwa, marar taga, ya ce in yi ɗakin duhu a nan, in dinga ɗaukar 'yan makaranta. Ƙananan hotuna na takardar jarrabawa, da babban hoton kowane aji in shekara ta zo ƙarshe. Na liƙe ramukan ƙofa da tsumma da baƙar leda, na zauna. Duk wanda ya yi karatu a makarantar nan a wancan zamani, na taɓa ce masa ya ɗaga haɓa ya rufe baki.

A ciki akwai 'yata ta fari.

Mutanen da ba namu ba ba sa gane wannan, ko maƙwabtanmu na Kwatano da muka tsufa tare. 'Yar fari ba a kiran sunanta, ba a ɗaukarta a gaban mutane, ba a yabonta. In ta faɗi a tsakar gida kana zaune, sai ka duba wani wuri har kakarta ta zo ta ɗaga ta. Ni da uwarta mun riƙe wannan kunya da kyau, har ana misali da mu a layinmu. Ni "ke" nake ce mata. Uwarta kuwa "waccan" take cewa, ko "yarinyar nan". To mutumin da ba ya iya kiran sunan 'yarsa, ta ina zai tsayar da ita gaban kyamara ya ce dubo nan, yi murmushi? Na ɗauki amaren Zango, na ɗauki alhazai ranar dawowa, na ɗauki ragon layyar wani mutum har kala uku don ya aika wa surukinsa a Jugu. Ita ban taɓa ɗaukarta ita kaɗai ba. Ko ɗan hoton jarrabawarta, wurin wani na tura ta, a Sam-Mishel, aka manna a takarda aka aika ofis, ba mu sake ganinsa ba.

Saura hoton aji. Wannan ba yadda zan yi, aikina ne. Shekarar da take ajin ƙarshe na firamare, na jera su a gindin bangon makaranta, su arba'in da 'yan kai, gajeru a zaune, dogaye a tsaye kan benci. Ita gajera ce, wurinta gaba, tsakiya, kusa da malami. Na ce a'a. Kada iyaye su ce mai hoto ya sa tasa a gaba. Na nuna mata can ƙarshen layin baya da leɓe, gefen dama, dab da inda hoto ke ƙarewa. Ta tafi. Ta hau benci ta yi ɗage don a gan ta.

Wannan shekarar azumi ya faɗo daidai ƙarshen shekarar karatu, lokacin da aiki ya fi yawa. Ni kuwa a lokacin wani tsoron Allah ya taso mini mai zafi, irin na mutumin da ya fara tara gemu. Na ce ba abin da zai taɓa harshena da rana, ko da kuwa tofarwa zan yi. Mai gadi kuma yana kulle makaranta da la'asar ya tafi neman abin shan ruwa. Sai na koma lissafi da ka: na dama wannan fiksata ranar kaza, za ta kai ranar kaza. Na manta aji shida nake wankewa a mako guda, ba ɗaya ba. Da na ɗebo kaɗan a kwalba na kai gida na ɗanɗana bayan an sha ruwa, da shi ke nan. Ban yi ba. Wa ke tuna fiksata ga kunu da ƙosai a gabansa? Daga baya, da shekaru, na tambayi limaminmu. Ya ce ai mai dafa abinci ma tana taɓawa a harshe ta tofar, azuminta na nan. Ashe a wannan watan na fi liman tsoron Allah, ban sani ba.

Hotuna suka fito tas, baƙi baƙi, fari fari. Kowa ya karɓi nasa. Namu uwarta ta sa a gilashi ta rataye a ɗaki, wai don malamin ajin mutumin kirki ne.

Damina biyu bayan haka zazzaɓi ya kama yarinyar ranar Talata, muka binne ta ranar Juma'a. Ba zan tsawaita nan ba. Mutane sun zo gaisuwa, mun ce sai haƙuri, ba wanda ya ga hawayenmu. An sake yin misali da mu.

Hoton ya zauna a bango. Ban san ranar da ya fara ba. Na dai lura wata rana gefensa ya yi rawaya, kamar an ɗiga masa shayi. Daga gefe abin ke shigowa, a hankali, shekara bayan shekara, kuma wa ke gefe? Malamin da ke tsakiya har yau gashin bakinsa na nan tsaf. Ita ce ta fara tafiya. Ɗankwalin ya narke cikin bango, fuska ta koma wani tabo mai ruwan ƙasa, sai kafaɗa ta rage, ita ma ta bi. Na zaga gidajen 'yan ajin da suka rage a Zango, ina yi kamar zumunci ya kawo ni. Duk na kowa haka yake. Tasa ɗaya suka sha.

Hajiya, uwarta, ba ta taɓa ce mini komai a kai ba, sai bara. Likita ya ce tana da hawan jinin ido. Na hagu ya riga ya tafi, na dama yana gani kamar ta ramin makulli, kuma ramin ƙara tsukewa yake. Wata rana bayan azahar ta sa na sauko mata da hoton. Ta kai shi bakin ƙofa, ta manna shi kusa da idon, tana yawo da shi sama da ƙasa.

Ta ce, "Malam, waccan ba ta nan."

Na ce, "Tana nan, hasken ne bai yi ba."

"Kai mai hoto ne ko mai sayar da haske? Na ce ba ta nan." Ta miƙo mini. "In da abin da za ka yi, yi tun ina gani. In ya rufe, ka huta."

Abin da na fara yi, na kai hoton wurin masu kwamfuta a Sam-Mishel. Suka ce ƙaramin aiki ne, Baba, dawo gobe. Na dawo suka miƙo mini wata yarinya kyakkyawa, mai dogon hanci da haƙora jere kamar na tallar man goge baki. Na kai wa Hajiya. Ta duba ta ce, "'Yar wa ka kawo mini? Mayar musu, iyayenta na nemanta."

Saura nagatif, wato fim ɗin da aka wanke, uwar hoto. Yana nan cikin gwangwanin biskit ƙarƙashin gado, tare da dubban 'yan uwansa. Amma uwar hoto ba ta haihuwa sai a ɗakin duhu, kuma ɗakin duhu ya ƙare a garin nan. Nawa na rufe shi tun da waya ta fara ɗaukar hoto. Injin na sayar wa masu gwangwan a kilo. Na bi Jonke shago shago a kan zemijan, babur ɗin haya, inda maigidana yake dā yanzu ana sayar da gashin kanti. Wani ya ce in gwada Fijirose, akwai bature mai irin wannan haukan. Na je, aka ce ya koma ƙasarsu.

Ina cikin wannan sai aka aiko daga makarantar, wai darakta na nemana. Daraktar yanzu mace ce, 'yar Zango, kuma benci ɗaya suka zauna da 'yata. Na san ta tana da majina har leɓe. Yanzu tana da tabarau da ofis mai fanka biyu.

Na ce, "Madam Darakta, ga ni. In laifi na yi, a yi mini bulala a ofis, kada a kai ni gaban yara."

Ta ce, "Baba, zauna don Allah. Har yanzu ba ka daina ba?"

Ashe wasu tsofaffin 'yan makaranta da ke ƙasar waje ne suka aiko da kyauta: injin buga hoto na dā, da kyamarori masu fim guda biyar, da kwalin takarda. Suna so yara su koyi wankin hoto ranar Laraba da yamma, su san hoto ba daga yatsa yake fitowa ba. Magani kawai ba su aiko ba, wai jirgi ba ya ɗauka. An samo wani ɗan kasuwa da zai kawo, ya aiko da jerin sunaye shafi uku, kuma ba wanda ya san me za a zaɓa. Ta kira mushen kimiyya, wato malamin da zai riƙe ajin, wani dogo ɗan ƙabilar Fon mai ladabi, wanda ke jin Hausa irin ta kasuwa. Ya karanta komai a littafi, amma bai taɓa tsoma hannu a tasa ba.

Na sa tabarau, na riƙe takardar da nisa, na gyara murya kamar mai shirin karanta wasiyya. Kalma biyu na gane a shafin farko. Sauran mushe ya karanta, ni ina yanke hukunci.

Ya ce akwai revelata ta ruwa a kwalba, akwai ta gari a leda. Ta ruwa ta fi sauƙi ga yara, a auna a zuba. Na ce wannan a ƙasar sanyi ne. A Kwatano in ka buɗe kwalba yau, ka dawo bayan hutu, za ka tarar ta koma kalar shayin da aka manta a buta. A sayi ta gari, ƙananan ledoji, a dama iya na wata. Ya ce ƙurar garin ba ta da kyau ga ƙirjin yara. Na ce to shi ya dama, da safe, a waje, ya ɗaure hanci, ai don haka ake biyansa. Ya rubuta. A kan ruwan tsami na ce kada a ɓata kuɗi, binegar na kasuwa ya isa. Ya ce ɗakin ba taga, warin zai sa yara tari, akwai wani marar wari da ake yi da tsamin lemo. Na ce mu da muka shaƙi warin ga mu da rai. Darakta ta dube ni ta saman tabarau, ta dubi yadda nake numfashi. Na ce a rubuta na lemon. Akwai wasu magunguna na canza launin hoto, masu zanen ƙoƙon kai a gefen sunansu. Waɗannan ko karantawa ban bari ya gama ba. Ya ƙara safar hannu, da ɗan matsi na ɗaukar takarda, da fanka mai zuƙe iska. Na ce saura katifa da filo.

Da aka zo kan fiksata na ajiye wasa. Na ce ta gari, mai kama da ƙanƙarar gishiri, kuma duk abin da ya rubuta ya ninka biyu. Tasa biyu za a jera, ba ɗaya ba, hoto ya shiga wannan ya fita ya shiga waccan. Kuma da ruwan famfo za a ɗauraye, a daɗe ana ɗaurayewa, ban da ruwan rijiya.

Mushe ya ce, "Baba, ninki biyu bai yi yawa ba?"

Darakta ce ta amsa, ba ta dube ni ba. Ta ce, "Rubuta yadda ya ce. Nawa ma ya yi rawaya."

Sannan na faɗa mata abin da nake so: in kaya sun zo, a ba ni ɗakin rana ɗaya, ni kaɗai, kafin yara su fara. Ba ta tambaye ni dalili ba.

Kaya suka yi wata biyu a hanya. A cikin watannin nan Hajiya ta daina gane kuɗi, ta fara zuba ruwa a gefen kofi. Kullum da safe sai in ɗaga yatsu in ce nawa ne, ta ce, "Biyar, har da wanda za ka ci tuwo da shi, in ka samu."

Ranar da muka dama maganin farko, a ɗakin nan nawa na dā, wanda aka yi wa fenti har ban gane shi ba, ina gama motsa fiksata hannuna ya tafi da kansa. Yatsa ya shiga tasa, ya nufo baki. Mushe ya cafke mini wuyan hannu.

"Baba! Me za ka yi?"

"Zan tambaye ta lafiyarta."

"Da baki?"

"Da me kake so in tambaye ta, da wasiƙa?"

Ya saki hannuna, ya ɗauko almakashi. Ya yanko ɗan guntun fim, bakin nan da ke leƙowa daga gwangwaninsa, wanda haske ya riga ya taɓa, ba ya da amfani. Ya jefa a tasa, ya kunna farar fitila, ya dubi agogo. Guntun yana da duhu kamar madara, muna kallo ya fara washewa, har ya koma garau kamar gilashi. Ya ce, "Ka gani? A sabuwa, ga lokacin da ya ɗauka. Sai a rubuta a bango. Kullum kafin aiki a jefa guntu ɗaya. Ranar da ya ɗauki ninkin wannan lokaci, ta gaji, a zubar. Ba sai an sha ba."

Na ce, "Tun yaushe aka san wannan?"

Ya ce, "Ai tsohon abu ne, Baba. Yana cikin kowane littafi."

Na nemi kujera. Irin wannan guntun, na share dubbai daga ƙasan ɗakin nan na zubar a bola. A watan azumin nan ma suna nan zube ƙarƙashin ƙafata, ina taka su, ina lissafi da ka. Mushe ya ga na zauna, ya ɗauka zafi ne, ya kunna fankarsa. Na ce masa ya rubuta wannan dabara da manyan baƙaƙe a jikin ƙofa, da faransanci da larabci, in akwai wuri har da Fon.

Washegari Asabar, ba yara. Na zo da hantsi da gwangwanin biskit. Na san tun a gida abin da zan tarar, don na ɗaga fim ɗin a rana ba sau ɗaya ba, amma mutum yakan ce wa kansa ƙila injin ya fi ido gani. Shi ma fim ɗin a tasar nan ta azumi na wanke shi. Kuma hoton ajinsu shi ne na ƙarshe a naɗin, wato wajen da nake riƙewa da yatsu ina jan fim ɗin sama da ƙasa cikin magani. Inda yatsa ya riƙe, magani bai shiga sosai ba. Wani tabo mai ruwan ƙasa ya kwanta a gefen, ga kuma furfurar danshi ta yi rassa a kai kamar saiwar ciyawa. Na sake jiƙa shi a sabuwar fiksata, na ɗauraye, na shanya. Ya ɗan washe. Tabon bai motsa ba.

Na sa shi a inji, na ɗaga kan injin har ƙarshe, na bar malami da 'yan aji arba'in suka zube a kan tebur da ƙasa, na kawo gefen dama kaɗai kan takarda. Wannan ne karo na farko da na sa ta a tsakiya.

Takarda tara na ɓata. Na ƙara haske, na rage. Na kare wani waje da tafin hannu, na bar hasken ya daɗe a kan tabon ko zai huda shi. Idona ma ba na dā ba ne. A ta goma na tsaya, don na gane abin da ke cikin fim ɗin ke nan, ba wani a bayansa. Na tsoma a revelata, ina girgiza tasa a hankali. Ɗankwali ya fara fitowa. Sai kunne, da ɗan kunne ƙarami. Sai kumatu, da ido ɗaya, a ɗan tsuke saboda rana, yana duban wanda ke bayan kyamara. Daga hanci zuwa ɗaya gefen babu komai, fari fat, kamar an goge da tsumma.

Na tsaya ina dubanta a jar fitila har ta kusa ƙonewa a maganin. Ba wanda ke ɗakin, ba wanda zai ce mai hoto na kallon tasa. Na ciro, na sa a tsami, na sa a fiksata ta farko, na sa a ta biyu, ina duban agogo kamar ɗan makaranta. Na ɗauraye awa guda a bakin famfo. Da na gama, na duba ƙofa, na taɓa kusurwar takardar a harshe. Ruwa ne zalla.

Darakta na tsaye a baranda da na fito, wai ta zo ɗaukar wasu takardu, ranar Asabar. Na nuna mata. Ta cire tabarau, ta mayar. Ta ce, "Kullum sai ta ci mini rabin gyaɗata." Ta juya ta shige ofis ta rufe ƙofa.

Na iso gida bayan la'asar. Hajiya na kan tabarma a bakin ƙofa, inda haske ya fi. Na miƙa mata hoton, na zauna a kan turmi, don in an kore ni kada in yi nisa da ƙofa. Ta kai takardar kusa da idon dama har tana taɓa gira. Ta fara daga sama, tana saukowa kaɗan kaɗan, don ramin da ya rage mata ba ya ɗaukar fuska guda a lokaci ɗaya. Ta daɗe a wuri ɗaya.

Ta ce, "Kunnen nata ne. Ni na riƙe ta aka huda shi. Na hagun ya karkace, an sake."

Ta matsa gaba. "Ka tsayar da ita a rana. Dubi yadda ta tsuke ido."

Na ce, "Duka ajin a rana suke."

"Ban tambaye ka duka ajin ba."

Ta matsar da takardar zuwa wajen farin, ta dawo, ta sake komawa. Ta goge idon da bakin mayafi ta sake dubawa.

"Nan idona ne, ko aikinka ne?"

Da na ce idonta ne, da ta yarda. Na ce, "Aikina ne."

Ta gyaɗa kai. Ba ta tambayi yadda aka yi ba, ni kuma na faɗa mata duk da haka, azumin, da harshen, da guntun fim ɗin mushe. Ta saurara har ƙarshe. Ta ce, "Da ka bar ta a gaba inda take, da duk wannan bai same ta ba." Na ce haka ne. Ta ce, "Ni ma da na gani a lokacin, cewa na yi ka kyauta."

Sai ta ɗora takardar a cinya, ta sa tafin hannu ta rufe wajen farin, ya rage rabin da ke akwai. Ta sunkuya a kai. Ta kira sunan. A hankali ta kira, sau ɗaya, kamar mai gwada ko bakinta zai iya. Tun ranar suna ban taɓa jin sa a bakinta ba. Ni ko a nan ban iya rubuta shi ba, na gwada, alƙalamin ya tsaya.

Idon ya rufe gab da babbar salla. Hoton ba ta yarda an sa shi a gilashi ba, yana ƙarƙashin filonta, gefensa duk ya yi laushi don shafawa. Na ce mata maiƙon hannu na ɓata hoto. Ta ce in kai ƙara wurin darakta.

Ranar Laraba nakan je makarantar in zauna a bakin ɗakin duhu. Ba na koyar da komai, mushe ya iya yanzu, har ya fara yi mini gyara. Aikina ɗaya: ba mai shiga sai ya jefa guntun fim a tasa ya faɗa mini abin da agogo ya ce. In an zo hoton aji kuma, ni ke jera su. Gajeru a gaba, ko 'ya'yan wane ne.